Babur ɗin tsere na lantarki mai batir cire-ka-saka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu son haɗa babur ɗin tsere na lantarki da hannunsu, irin wanda idan caji ya ƙare ba sai an zauna jira ba, a zare batir a zura wani a ci gaba. Wasu amsoshin sun yi tsawo, haƙuri za a yi, lamarin ne ya zo da haka.

Wai me ya sa sai an yi ta canza batir, ba za a saka babba guda ɗaya a huta ba?

Nauyi ne matsalar malam. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kWh 9 (kWh ma'aunin yawan ƙarfin da ke ajiye ne), shi kuma batirin litiyam mai kyau kilo ɗaya na ƙwayoyinsa bai wuce kwatan kWh ɗaya ba. Gaskiya ne injin fetur yana zubar da fiye da rabin ƙarfinsa a zafi da hayaƙi, na lantarki kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari yake maidawa tafiya, amma duk da haka tazarar tana da yawa. Ka duba babur ɗin Ducati V21L da aka koma amfani da shi a 2023 a MotoE, gasar tseren baburan lantarki ta duniya, batirinsa kWh 18 ne, nauyin batirin kaɗai kilo 110, babur ɗin gaba ɗaya kilo 225, alhali a lokacin dokar babur ɗin fetur na MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, kilo 157 ce mafi ƙaranci. Wato wannan kilo 110 ɗin duk ƙarfin da ke ciki bai wuce na fetur lita biyu ba. In ka ce za ka ninka batir don ka ninka nisa, babur ya ƙi juyawa a kwana, birki ya gaji, taya ta cinye, kuma wani kaso na ƙarin cajin ma a ɗaukar nauyin kansa zai tafi. Shi ya sa wasu suka ce to a ɗauki kaɗan, a riƙa tsayawa ana canzawa.

An taɓa yin irinsa kuwa ko dai zance ne?

An yi. MotoCzysz, wani ƙaramin kamfani na Portland a Amurka, sun tsara babur ɗinsu E1pc da batir akwati-akwati da ake zarewa daga gefe, kuma su suka cinye tseren baburan lantarki na TT Zero a Tsibirin Man daga 2010 har 2013. Ɗaliban jami'ar Eindhoven a Holan sun haɗa STORM Wave mai akwatuna 24, jimilla kWh 28.5, suka zaga duniya da shi cikin kwana 80 a 2016, duk da shi ba na tsere ba ne. KTM Freeride E na cikin ƙasa da tsalle-tsalle shi ma batirinsa ana ɗagowa daga ƙarƙashin wurin zama. A ɓangaren ƙananan babura na gari kuma Gogoro ta Taiwan tun 2015 take wannan harkar, sannan a 2021 Honda da Yamaha da KTM da Piaggio suka kafa ƙungiya don su daidaita batir iri ɗaya. Sai dai ka lura, na garin nan batirinsu kilo goma-goma ne kuma wutar da ake ja ba ta taka kara ta karya ba, babur ɗin tsere wata duniya ce daban.

To in abin kirki ne me ya hana MotoE yi?

Har zuwa lokacin da aka dakatar da gasar bayan 2025 tserensu gajere ne, zagaye kaɗan an gama, babu lokacin tsayawa balle canji. TT Zero ma zagaye ɗaya tak aka riƙa yi, kilomita 60.7. Kuma batir da aka gina shi ya zama ƙashin bayan babur ya fi sauƙin nauyi da ƙarfi a kan wanda aka yanka gunduwa-gunduwa, a V21L ma akwatin batirin ne ke yin aikin wani ɓangare na firam. Motocin tseren lantarki na Formula E da suka rasa yadda za su yi a shekarunsu na farko daga 2014, mota sukutum direba yake canzawa a tsakiyar tsere, sai a ƙarshen 2018 da aka samu batir mai kai su ƙarshe suka daina.

Ni a ganina cire-ka-saka yana da amfani ne a wuri biyu kacal: tseren juriya na awanni, da ranar gwaji da kake son ka yi ta fita fili sau da yawa ba tare da zaman jiran caji ba. In tserenka na minti goma sha biyar ne sau ɗaya a rana, ka rufe batirinka da noti ka huta, kar ka jawo wa kanka wahala.

Ta ina ake farawa, inji ko firam?

Batir. Mutane da yawa sukan fara sayen inji don shi ne abin ɗoki, ko su samo tsohon firam na babur ɗin fetur su ce za su cusa batir a ramin da aka cire inji, sai daga baya a ga akwatin ya shiga amma ba ya fita sai an kwance rabin babur. Ka fara da tambaya uku: minti nawa zan yi a fili kafin in tsaya, kilowat nawa zan riƙa ja a matsakaici, kuma ta wace hanya akwatin zai fito, sama ta inda tanki yake ko gefe. Ka yanka kwali ko katako daidai girman akwatin, ka gwada zurawa da zarewa da safar hannu a hannunka, ka ga ko yana gogar kan babur ko ƙafar mahayi. Sai wannan ya zauna tukunna a yi maganar walda.

Wace irin ƙwayar batir ta fi dacewa?

Galibi masu zagaye ake amfani da su, 18650 ko 21700, lambar girmansu ce, 21700 na nufin kauri milimita 21 tsawo 70. Ducati ɗin can guda 1,152 ne na 21700 a cikinsa. Abin da za ka duba ba yawan cajin da ƙwaya ke ɗauka kaɗai ba ne, har da yawan wutar da take iya bayarwa ba ta yi zafi ba. Misali Molicel P42A tana ɗaukar mAh 4,200 kuma an rubuta mata amp 45, nauyinta kusan giram 70. Akwai masu ɗaukar caji fiye da haka amma da ka murɗa totur sai volt ya zube.

Wata irin ƙwayar litiyam da ake kira LiFePO4 ta fi zaman lafiya, ba ta saurin kama wuta kuma tana daɗewa, amma volt 3.2 ce kowace ƙwaya maimakon 3.6, kuma ta fi nauyi sosai a kan caji iri ɗaya. Ga mai koyo ba laifi, ga mai neman kofi nauyin zai dame shi. Tsofaffin ƙwayoyin laftof kuwa don Allah a bar su, ba a yi su don jan wuta mai yawa ba, kuma kowace da irin gajiyarta, mafi rauni a ciki ita za ta fara zafi ta ja sauran.

A ba mu lissafi na zahiri mana, akwati nawa, ƙwaya nawa?

To ga misali, ba dole ne naka ya zama haka ba. Ƙwaya ɗaya ta P42A, volt 3.6 sau Ah 4.2, kusan Wh 15 ke nan. Ka haɗa goma kafaɗa da kafaɗa su zama rukuni ɗaya, sannan ka jera rukuni 14 baki da wutsiya, ƙwaya 140, kusan kWh 2.1, volt 50.4 a tsaka-tsaki, 58.8 in ya cika maƙil. Ƙwayoyin kaɗai kusan kilo 10, in ka ƙara akwati da tagulla da filogi da wayoyi ka sa ran kilo 13 ko sama. Akwati biyu a jere sun ba ka volt 100 da ɗoriya, layi biyu irin wannan gefe da gefe, akwati huɗu ke nan, kusan kWh 8.5.

In injinka yana jan kilowat 30 a lokacin da aka buɗe totur duka, a volt 100 amp 300 ke nan, kowane layi 150, kowace ƙwaya amp 15, tana cikin hutu. In kuma matsakaicin abin da kake ja a zagaye kilowat 20 ne, to minti ashirin da 'yan kai za ka yi, don ba a tatse batir har ƙasa.

Me ya sa rukuni 14, ba 16 ko 20 ba?

Saboda volt 60. A ƙa'idojin motocin lantarki duk abin da ya haura volt 60 na wutar batir ana lissafa shi a babbar wuta mai haɗari ga jiki. Akwatin da bai kai 60 ba ko ya cika, wanda zai rungume shi da gudu a wurin canji yana da sauƙin haɗari, babban volt ɗin sai an zura su sun haɗu a cikin babur yake samuwa. Wannan ba yana nufin a yi wasa da shi ba fa, sufana ta faɗa kan bakunansa biyu za ta narke a wurin. Su Ducati volt 800 suke aiki da shi don wayoyi su yi siriri zafi ya ragu, amma wannan aikin injiniyoyi ne masu kayan kariya da horo, ba na mai farawa ba.

Mene ne ya fi wahala a duk aikin?

Filogi. Ba inji ba, ba ƙwayoyi ba, wannan ɗan wurin da akwati ke haɗuwa da babur. A batirin da ba a cirewa, ka ɗaure tagulla da tagulla da noti ka manta. A nan kuwa kana son mahaɗar da za ta shiga da kanta ba a gani, cikin sakan biyu, ta ɗauki amp ɗari-ɗari, ta jure girgiza da tsalle da ƙura da ruwa, kuma a cire a saka sau ɗaruruwa ba ta saki ba.

Zafin da ke tashi a mahaɗa yana bin amp sau amp sau turjiyar wurin, wato yadda wurin ke hana wuta wucewa. Turjiyar miliom ɗaya kacal, abin da ƙaramar mitar hannu ma ba za ta iya aunawa ba, a amp 300 wat 90 ne na zafi a wuri kamar kan yatsa. In ka sauke ta zuwa 0.2 ya koma wat 18. Kuma abin haushin shi ne yana ciyar da kansa, zafi ya sa ƙarfen da ke matse fil ɗin ya yi laushi, matsi ya ragu, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, har robar da ke kewaye ta fara narkewa. In ka zare akwati bayan gudu ka ga fil ɗin ya canza launi ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, ko ka ji ƙaurin roba, wannan filogin ya gama aiki, kar ka goge shi ka maida.

Abubuwan da ake yi: a sa filogin ɓangaren babur ya zama yana ɗan lilo a kan mazauninsa milimita ɗaya ko biyu don ya nemi abokinsa da kansa, a sa sanduna biyu masu tsinin baki da za su fara shiga su daidaita akwatin kafin fil na wuta ya taɓa, kuma kar nauyin akwati ya taɓa hawa kan filogi ko kaɗan, layin dogo da makulli su ne masu ɗaukar nauyi. Ɓangaren akwati kullum shi ne macen, ramukan a ɓoye yadda yatsa ba zai kai ba, don shi ne mai wuta ko an cire shi. Filogi irin su RADSOK na kamfanin Amphenol an yi su don babbar wuta, Anderson ma ana amfani da su sosai amma da hannu ake cusa su kuma suna da tauri. Ka liƙa na'urar auna zafi a jikin filogin, tana da arha a kan abin da za ta cece ka.

Zan iya cire akwati ɗaya da ya yi ƙasa in bar sauran?

A'a, kuma nan ne ake ƙona kaya. In ka haɗa cikakken layi da wanda ya zube gefe da gefe, wuta za ta kwarara daga cikakken zuwa wanda ya zube kamar an fasa bango tsakanin randa cike da wadda ba komai, babu mai tare ta sai 'yar turjiyar ƙwayoyin. A misalinmu na sama, cikakke yana 117.6, wanda ya gaji a ce yana 90, bambanci volt 27, in turjiyar layukan biyu a haɗe ta kai miliom 90 to amp 300 ne zai ruga, kuma caji ne ake ɗura wa ƙwayoyi masu zafi da ƙarfin da ya ninka abin da aka yarda musu. Fiyus ya tsinke in ka yi sa'a, in ba ka yi ba kwantakta, wato babban makunnin da ke haɗa batir da babur, ta manne.

A jere kuma wata matsalar ce, wanda ya fi rauni shi zai fara ƙarewa ya tsayar da babur alhali sauran da caji. Don haka seti guda ake canzawa gaba ɗaya, a rubuta musu lamba ko a shafa musu fenti kala ɗaya, tare ake cajinsu tare ake amfani da su tare suke tsufa.

Ana iya canzawa babur yana kunne?

Kar ka yi. Wutar batir ba irin ta gida ba ce da ke kai da komo, in ka raba ta tana tafiya sai ta ja tartsatsi mai tsawo da ba ya mutuwa da wuri. Shi ya sa ake saka ƙaramin fil gajere a cikin filogin, shi ne ƙarshen shiga kuma shi ne farkon fita, da ya rabu sai kwantakta ta buɗe kafin manyan su rabu. Wajen sakawa kuma akwai kafasita manya, masu tara wuta na ɗan lokaci, a cikin kwantirola mai sarrafa inji da suke fanko, in ka haɗa su da batir kai tsaye za su zuƙi wuta lokaci guda su manne bakin kwantakta, dole a fara cika su a hankali ta razista na sakan ɗaya ko biyu sannan babbar kwantakta ta rufe. Duk wannan ya kamata ya riƙa faruwa da kansa, don mutumin da ke sauri a tsakiyar tsere ba zai tuna tsari ba.

Yaya ake riƙe akwatin kar ya fice in an faɗi?

Makulli biyu, babba da mai tsare babban, kuma ya zama ana gani da ido daga nesa ko ya kulle ko bai kulle ba. Ya matse akwatin ya danne shi a kan roba, in akwai ɗan sarari ko na milimita ɗaya girgiza za ta yi ta buga shi har ta cinye filogi. Ka tuna kilo 13 a lokacin karo yana iya zama kamar ɗaruruwa.

Firam ɗin shi ma zai biya kuɗin wannan ƙofar da ka buɗe masa, inda da akwai inji da ke ɗaure ɓangarorin yanzu rami ne, sai ka ƙara ƙarfe a kewaye don kar ya riƙa murɗewa a kwana. Nauyin kuma a tara shi kusa da tsakiya, ba can ƙasa sosai ba, babur ɗin da nauyinsa ya yi ƙasa da yawa yana jinkirin kwanciya daga hagu zuwa dama, ga kuma gefen akwati da zai iya gogar kwalta.

Sanyaya fa, ruwa ko iska?

Ga inji da kwantirola ruwa da ƙaramin lagireto ba matsala tunda ba a cire su. Ga akwatin da ake cirewa, bututun ruwa ƙarin mahaɗa ne da zai iya yoyo kusa da wuta, ni dai ba na so. A nan ma cire-ka-saka yana da wata riba da ba a cika faɗa ba, akwatin minti ashirin kawai zai yi yana aiki, sai a bar shi ya yi ta ɗumama a hankali, kafin ya kai digiri 60 an zare shi an ajiye gaban fanka. Amma kar a jona shi a caji da zafinsa, yana tsufar da ƙwaya da wuri.

BMS, wato allon da ke kula da lafiyar batir, ɗaya ya isa?

Kowane akwati yana buƙatar allonsa da ke auna volt na kowane rukuni da zafi, don yana rayuwa a wajen babur ma, a wurin caji da wurin ajiya. Sai babba guda a babur da ke sauraronsu ta layin CAN, wayar da na'urori ke aika wa juna saƙo, ya gane su waye aka saka, ya ƙi rufe kwantakta in volt ɗinsu bai yi daidai ba. A tsere an fi so ya rage ƙarfi a hankali in abu ya fara ɓaci, yanke wuta farat ɗaya mahayi yana kwance a kwana faɗuwa ce. Fiyus kuma kowane akwati da nasa a ciki, na wutar batir mai daidai volt ɗin, ba na gida ba.

Seti nawa zan tanada?

Nan ne aljihu ke kuka. Ka haɗa lokacin hucewa da lokacin caji, ka raba da lokacin da seti ɗaya ke yi a fili, ka ƙara ɗaya. Caja mai kilowat 3 za ta ɗauki kusan awa uku ta cika kWh 8.5, kai kuma minti 20 kake cinye shi, seti goma ke nan ko ba a lissafa hucewa ba in ba ka son tsayawa. In ka samu cajin awa ɗaya da hucewar minti 20, seti biyar. Kuma caja uku ne za su riƙa aiki lokaci guda kowace tana jan sama da kilowat 8, sai ka tambaya ko wutar filin za ta ɗauka.

Ana buƙatar giya da kuloci?

Yawanci a'a. Injin lantarki yana ba da ƙarfin murɗawa tun daga tsaye, sarƙa ɗaya ta isa, sai dai ka riƙa canza yawan haƙoran faifan gwargwadon fili.

Birkin da ke maida caji zai ƙara min nisa?

Kaɗan. Tayar baya ce kawai ke haɗe da inji, kuma in an taka birki da ƙarfi nauyi gaba yake komawa har bayan ya kusa ɗagawa. Amfaninsa ya fi yawa wajen ba mahayi irin jan da ya saba ji in ya saki totur a babur ɗin fetur. Ka kula da seti sabon saka da ke cike maƙil, ba shi da wurin karɓar caji, sai kwantirola ta rage wannan birkin a kwanonin farko, kuma mahayi ya san da haka.

Gobara fa?

A watan Maris na 2019 wuta ta tashi da dare a rumfar MotoE a filin Jerez na Sifen ta cinye baburan Energica da aka tanada gaba ɗaya, sai a watan Yuli aka samu aka fara gasar a Sachsenring ta Jamus. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi. Ƙwaya ɗaya in ta ɓalle da zafi tana kunna maƙwabciyarta, na'urar kashe gobara za ta iya danne harshen wutar amma cikin yana ci gaba da dahuwa, ruwa mai yawa ne ke sanyaya shi, kuma yana iya sake tashi bayan awanni. Hayaƙin guba ne, kar a tsaya shaƙa. Wurin caji ya zama nesa da inda mutane ke zama, seti-seti a rarrabe, da mutum a tsaye a kai. Duk akwatin da aka faɗi da shi ko ya suɓuce daga hannu ya bugi ƙasa, a kai shi fili shi kaɗai a sa masa ido, ko da ba a ga komai a jikinsa ba.

In na gama za a bar ni in shiga tsere da shi?

Ya danganta da masu shirya gasar, kuma littafin dokokinsu ake karantawa kafin a yanka ƙarfe na farko. Galibi za su nemi maɓallin kashe wuta da ma'aikacin fili zai iya kaiwa, da igiyar da ke yanke wuta in mahayi ya rabu da babur, da fitila mai nuna ko lafiya a taɓa shi, da na'urar da ke gano in wuta ta fara zuba a jikin firam. Wasu sun ƙayyade volt, wasu ba su yarda a canza batir a tsakiyar tsere ba sam. Ɗaliban jami'a suna da MotoStudent da ake yi a MotorLand Aragón a Sifen, akwai rukunin lantarki a ciki. TT Zero kuwa an dakatar da shi bayan 2019, shekarar da Michael Rutter ya zaga tsibirin a kan Mugen Shinden da matsakaicin gudun da ya kai kusan kilomita 196 a awa, alhali wanda ya ci tseren lantarki na farko a tsibirin a 2009, Rob Barber a kan babur ɗin Agni, kusan 140 ya yi.